Garin da Hafsatu Ba Ta Gwada Ba

Hafsatu matar marigayi Yohanna ta yi shekara arba'in tana sayen warangi a bakin ruwan Wara. Warangi su ne ƙananan kifayen nan da ba su kai ɗan yatsa ba, waɗanda ake shanyawa a rana har su bushe. Wani a kan yashi yake shanya nasa, wani kuma da gangan yake ƙara yashin don buhu ya cika. Ita takan cusa hannu can ƙasan buhu, ta ɗebo, ta watsa a ƙwaryar ruwa. Kifi ya taso, yashi ya kwanta. Sai ta miƙa wa mai kaya ƙwaryar.

"Maikuɗi, ga gonarka, ɗauki abinka. Ni kifi na zo saye."

"Haba Inna, iska ce ta zuba."

"Iskar garinku da ludayi take yawo?"

Kayanta kashi uku ne: na ɗaya, na biyu, na uku. Ko ƙwaya ba ta yarda wani ya shiga cikin wani. Takan ce wanda ya haɗa na ɗaya da na uku bai gyara na uku ba, na ɗaya ya ɓata.

Ni Rebecca, katanga ɗaya ta raba gidajenmu. Na yi sakandare a Yelwa, don haka duk takardar da ta shigo unguwa ni ake kawo wa. 'Yar boko Hafsatu take ce mini har muka yi furfura. A wani tsibiri aka haife ta, wanda ruwan dam ya cinye tana 'yar shekara tara. Ba ta cika zancensa ba, amma in jirgi ya bi ta kan wurin takan janye hannunta daga ruwa. Ita tana salla, mijinta yana zuwa coci, ban taɓa jin abin ya zama magana a gidan ba. 'Ya'ya biyu suka rayu mata: Dogo mai tuƙa jirgin fito, da Deborah da ke aiki a shagon ɗinki a Kaduna.

Shekara uku da suka wuce tarin tibi ya kama Dogo. Ya daɗe yana ɓoyewa. Kafin a kai shi asibiti, mutumin da ke ɗaga injin jirgi shi kaɗai ya koma ana ƙirga haƙarƙarinsa. Aka ba shi maganin wata shida. Ma'aikaciyar ta ce magani kaɗai ba zai tashe shi ba, sai da abinci mai gina jiki, kifi da ƙwai da wake. Shi kuwa ba ya iya tauna, loma biyu ya ture kwano.

Hafsatu ta ɗebo warangi na ɗaya, wanda take kai wa manyan 'yan kasuwar Yauri. Ta soya waken suya da gyaɗa, ta daka duka tare, ta tankaɗe, tana zuba masa a kunu sau uku a yini. Yana sha yana ɓata fuska.

"Inna, wanga ƙarni zai kashe ni kafin tarin."

"Sha. Ƙarnin ne ya yi maka wanga tsawo na banza."

Kowace Juma'a takan zagaye damtsensa da yatsunta biyu ta ga ko za su haɗu. Da farko suna haɗuwa har da rara. Bayan wata biyu suka daina haɗuwa. Ya fara fitowa ƙofar gida yana tsokanar masu wucewa.

A lokacin ne Deborah ta aiko da saƙo a mota: wani garin gina jiki a manyan robobi biyu baƙaƙe masu rubutun zinariya, da hoton wani ƙato mai ƙirji kamar ƙofa. A wurin wani mai talla a waya ta saya, kusan albashinta na wata guda. Ta ce na ƙasar waje ne, irin wanda masu hali suke sha.

Hafsatu ta rungumo ɗaya ta shigo gidana.

"'Yar boko, karanta mini. Mi anka ce yana ciki?"

Na sa tabarau na karanta. An ce daga madara aka tace shi, cokalinsa ɗaya ya kai ƙwai huɗu wajen gina jiki. Bakin a liƙe yake da takardar azurfa, ga lambobi, ga hatimi. Turancin babu kuskure ko ɗaya, na duba. Ta tambaye ni, tsakaninsa da warangi wanne ne na ɗaya?

Na ce, "Wannan ne na ɗaya. Warangi ko na uku bai kai ba."

Haka na faɗa, da bakina. Ban ɗanɗana ba, ban shinshina ba. Ita ma ba ta watsa shi a ƙwarya ba, don buhu ta saba tuhuma, ba ta taɓa tuhumar abin da 'yarta ta aiko kuma na karanta mata ba. Tun da na ce na ɗaya ne, sai ta bi ƙa'idarta. Ta ɗauke garin warangi gaba ɗaya kada ya ɓata mai tsada. Na ga ta yi hakan, ban hana ba. Dogo ya yi murna, don sabon garin ƙamshin biskit yake yi.

Mako bakwai yana sha. A mako na huɗu yatsunta suka sake haɗuwa a damtsensa. Ta ce ko bai isa ba ne, ta ƙara cokali. Ya daina fitowa ƙofar gida. A asibiti aka tambaya ko yana samun abinci mai gina jiki, muka ce ƙwarai, har na ƙasar waje.

Wata safiya tana dama kunu, cokalin ya kuɓuce mata, garin ya zube a kan garwashi. Ina tsaye a wurin, na zo aron rariya. Ta tsaya cak tana shaƙar hayaƙin. Ta sake ɗebo wani ta zuba da gangan. Sannan ta shiga ɗaki ta ɗebo warangi ta jefa a gefen wutar.

"Matso ki ji," in ji ta.

Warangin ya yi ƙauri irin na gashi in ya ƙone. Ta ce haka kifi yake yi, haka nama, haka madara, duk abin da ke zama tsoka a jikin mutum. Garin robar kuwa ƙaurin ƙanzo ya yi, na tuwon da ya kama tukunya. Ta dama shi da ruwan zafi shi kaɗai. Ya yi kauri ya yi sheƙi kamar sitacin da ake sa wa riga. Garin rogo ne da sukari da ƙamshi.

Ba ta yi kuka ba, ba ta zage ni ba. Ta jawo turmi.

Ta koma ba shi warangi a ranar, amma cikinsa ya daina riƙewa. Ya rasu da damina, ranar kasuwar Wara, da hantsi. Ma'aikaciyar asibiti ta ce ciwon ya riga ya ci huhunsa tun kafin a kawo shi, wataƙila ko me aka ba shi haka za ta kasance. Wataƙila. Ni dai na ga yatsun nan sun rabu, na kuma ga sun haɗu.

Deborah ta zo jana'iza. Ta tambayi uwarta ko garin ya yi masa amfani. Hafsatu ta ce, "Ya sha. Yana son ƙamshin." Ba ta ƙara ba, har yau kuma yarinyar ba ta sani ba.

Roba ta biyu ko rabi ba a ci ba. Na ce mu zubar a ruwa. Ta ce ba a zubar da abinci, rogo ma wani ne ya noma shi. Bayan kwana bakwai da rasuwar, da safe, ta leƙo ta kan katanga ta kira ni. Na tarar ta dama garin a kofuna biyu, ta shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗakin Dogo.

"Zauna. Ke kinka karanta, ni na ba shi."

Na zauna. Yana da zaƙi, yana kama dasashi. Kwana ashirin da uku muka yi muna sha kafin ya ƙare, kowace safiya. Cikina yakan cika dam, kafin azahar kuma yunwa ta kama ni kamar ban sha komai ba. A nan na san abin da Dogo yake ji da rana, lokacin da yakan kira uwarsa ya ce a ƙara masa, ita kuma ta ƙara.