Birkin Baba a Ƙofar Auta

Shi dai Baba Birki, in ka raba shi da sitiyari ka raba shi da duniya. Tun kansa ba furfura yake jan bas ɗin gari, daga babbar tasha zuwa shingen sojoji, ya yi kwana ya dawo. Shi ɗan tudu ne. Bayan shingen kuwa mutanen gangare ne, kuma tsakanin jama'ar biyu sai harara, in abin ya ɓaci a zub da jini.

Can bayan shingen ƙanwarsa take, autarsu. Ta auri ɗan gangare tun ana ɗan ga-maciji, shi kuwa da bakinsa ya ce ba shi ba ita har abada. Aka rufe hanya. Mahaifiyarsu ta rasu tana kiran Auta, aka binne ta Auta ba ta nan. Abin nan yana cin Baba a rai, amma girman kai, wai! Ko matarsa ba ta isa ta ɗauko zancen ba.

Da ɓangarorin biyu suka gaji da binne 'ya'yansu, sai manya suka zauna suka yarda: ƙasa ɗaya, majalisa ɗaya, kowa ya riƙe harshensa. Aka tumɓuke shingen, aka ja layin bas har ƙarshen gangare. Kamfani ya kafa doka, in direba ɗan tudu ne to kwandasta ɗan gangare. Baba aka haɗa shi da wata mata mai jiki, baki kamar reza, ana ce mata Goggon Tikiti.

Ranar farko, suna isa inda shingen yake a da, ya take birki ƙiii, fasinja suka kifa kan juna. Ba soja ba ƙarfe, sai wata mai lemo a bakin titi. Ƙafarsa ce ta saba.

Goggo ta ce, "Baba, wa za ka nuna wa takarda, mai lemon?"

Mota ta ɗauki dariya, 'yan tudu da 'yan gangare har da riƙe ciki. Daga nan sunan ya bi shi.

Sabon layin kuwa ta ƙofar Auta ya bi, gida mai koren ƙyaure kusa da shagon mai gyaran takalma. Ya sani sarai. In ya zo wurin sai ya ƙara wuta, ya kafe ido a kwalta. Tsoro yake ji, kada ya yi sallama a mayar masa da maganarsa.

Ashe Goggo maƙwabciyar Auta ce. A aikinsu, in kwandasta ya bugi jikin mota, direba tsayawa yake, ba tambaya. Wata safiya suna komawa tudu, daidai koren ƙyauren, sai bam bam! Kafin zuciya ta ce a'a, ƙafa ta gama aikinta.

"Nan ba wurin tsayawa ba ne!" ya daka mata tsawa.

"Yau ya zama," in ji Goggo.

Wata dattijuwa ta hau a hankali, dafe da gwiwa. Ya hango ta a madubi. Mahaifiyarsu sak, har tafiyar.

Ta tsaya a bayan kujerarsa ta ce, "Yaya, har yanzu tuƙin naka na garaje ne?"

"Ke kuma har yanzu ba ki iya gaisuwa ba."

Sai ya yi mata tambayar da ake yi wa kowane fasinja: "Ina zuwa?"

"Ka nuna mini inda kuka kwantar da Inna."

Wani ɗan tudu da ke kujerar gaba ya miƙe ba wanda ya ce masa. Baba ya share fuska da hannun riga, ya sa giya.

"Zauna nan kusa da ni, Auta. Bari in sauke mutane, tare za mu je."