Jarka Biyu Daga Keffi Zuwa Jos

Talata: Keffi

Ƙarfe biyar da minti ashirin na asuba muka fito daga gidanmu a Liman Abaji: ni, matata Binta, 'yarmu Hanifa mai shekara biyar, da farar jarka biyu.

Hanifa da ciwon ƙoda aka haife ta, irin na gado wanda ba kasafai ake gani ba. Likita ya ce ni da uwarta kowa ya ba da rabi, saboda haka babu mai yi wa wani gori. Ƙodarta ba ta riƙe ruwa. Ta sha ta fitar, ta sha ta fitar, kuma in ta yi awa ɗaya babu ruwa sai jikinta ya ɗau zafi. Fitsarin nata kuwa fari tas, ba launi ba wari.

Wata huɗu muna jiran ranar ganin likitan ƙodar yara a Jos. Ya ce mu tara duk fitsarinta na yini da kwana mu kawo, da shi zai san adadin maganin da zai ba ta. Jarka ɗaya ke nan. Ɗayar ruwan shanta ne. Binta ta manna takarda a ta farkon ta rubuta FITSARI da manyan baƙaƙe. Ni kuwa malamin firamare ne, rabin yaran tasha ɗalibaina ne. Kafin mu isa na ɓalle takardar na cusa a aljihu.

Hanifa ta gan ni. Ta ce, "Baba, abin kunya ne?"

Na ce, "Yi sauri, mota za ta cika."

Garaku zuwa Akwanga

Mun samu wata tsohuwar mota Sharon, direbanta Oga Bulus, mutumin Eggon mai fara'a. Jarkokin suka shiga but, Binta ta cika gora biyu ta riƙe. Mun tashi shida saura kwata.

Kafin Garaku mun tsaya sau biyu. Kafin Akwanga, sau biyar. Wani ɗan kasuwa a gidan gaba ya waiwayo ya ce, "Malam, famfo kuka haifa?" Oga Bulus ya ce, "Bar ta jare, pikin ne, ƙaramar yarinya." Daga nan shi da kansa yake tambaya, "Hajiya ƙarama, a taka burki?"

A Akwanga, bakwai da rabi, muka sayi ƙosai na ɗari biyar da koko. Hanifa ta yi ta kallon ƙosan, amma an hana ta gishiri, sai dafaffen dankalin da uwarta ta ƙunso.

A shingen da ke gaba wani soja ya buɗe but ya nuna jarkokin. "Mene ne a ciki?"

Fasinjoji duk sun kasa kunne. Na ce, "Ruwa ne, ranka ya daɗe. Duka biyun."

Binta ta harare ni. Oga Bulus yana tsaye yana ji.

Hawan Kibo

Ƙarfe tara da 'yan mintoci muka fara hawan. Duk wanda ya san hanyar Jos ya san a nan ake gane lafiyar mota. Tamu ba ta da ita. A tsakiyar dutse ta fara tururi kamar tukunyar dambu, Oga Bulus ya gangara gefe. Ni da Binta muka yi amfani da damar muka kai Hanifa bayan wani dutse.

Da muka dawo, ga Oga Bulus a gaban mota, ya kafa jarka a bakin lagireto, yana kaɗa ta don ɗigon ƙarshe ya sauka.

Ya ce, "Malam, no vex, na ari ruwanka. In mun kai Riyom zan cika maka."

Binta ta ruga but ta buɗe wadda ta rage, ta duba murfin, inda ashe ta yi ɗan zane da wuƙa. Ta sauke ajiyar zuciya. "Alhamdu lillahi, na shan yana nan."

Ni kuwa na dubi jarkar da ke hannun Oga Bulus. Yini da kwana muna bin yarinya da kwano, wata huɗu muna jira, ga shi duk a cikin inji.

Na ce, "Oga Bulus, fitsari ka zuba."

Ya dubi jarkar, ya dubi hannunsa, ya shinshina. "Ba kai ka ce wa soja ruwa ne ba?"

Ɗan kasuwar nan ya yi dariya har da riƙe ciki. Binta ta miƙo mini hannu. Na ciro takardar daga aljihu na ba ta. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, kuma ba ta fitsarin ba ce.

Motar dai ta tashi da murɗa ɗaya, ta haye dutsen ba ko tari. Oga Bulus ya ce shekara uku rabon da ta yi haka.

Jos

Mun shiga asibiti goma da rabi da jarka babu komai. Na yi wa likita bayani kaina a ƙasa. Ya cire tabarau ya yi dariya sai da ya share hawaye, sannan ya ce ba zai taɓa maganin ba sai ya ga gwaji. Na zaci wani wata huɗun ne. Sai ya ce mu fara tara sabon fitsari gobe da safe, mu kawo masa Alhamis kafin ya shiga zagayen marasa lafiya.

Mun sauka gidan gwaggon Binta, kwana biyu, ga sanyi, ga gwate mai zafi wanda aka dafa wa Hanifa nata daban. Laraba duk gidan suka koma ma'aikatan jarka. Gwaggo ta kafa kujera kusa da ita ta ce wanda ya taɓa zai gamu da ita.

Alhamis da safe na nemi maka, alƙalami mai kaurin rubutu, na rubuta FITSARI a jikin jarkar da hannuna, gaba da baya. Muka tare Keke. Mai Keken bai iya karatu ba, ya ce, "Alhaji, man ja ne ko kunu?"

Hanifa ta ɗago tana kallon bakina.

Na ce, "Fitsarin 'yata ne, asibiti za mu kai."

Ta gyara zama ta ce masa, "Ni kaɗai na cika ta."

Komawa

Likita ya karɓa, ya gyara maganin. Mun bar Jos ƙarfe ɗaya, muka shiga Keffi ana kiran magariba, bayan tsayawa tara. Godiya ga Allah da ya kai mu ya dawo da mu, ga likita, ga Gwaggo, da Oga Bulus, wanda har yau in ya hango mu a tasha sai ya ɗaga wa Hanifa hannu ya ce lagireto na gaishe ta. Ita kuma ta ɗaga masa gorarta, a gaban kowa.