Hon a Ƙarƙashin Daɓe

Jafaru mai gyaran rediyo mutumin Wagini ne, can aka yanke masa cibiya. Shekarar da 'yan bindiga suka hana noma ya kwaso iyalinsa zuwa Batsari, ya kama gida mai shago a jikin zaure. Ba shi da yawan magana, amma miƙa masa tsohon batir da guntun waya ka ga ikon Allah.

Damuwarsa ɗaya ce, mahaifiyarsa Uwani. Tsufa ya rikita ta. Da an ɗauke ido sai ta yafa zane ta kama hanyar Wagini, wai za ta dubo wakenta. Hanyar da ko ƙarti ba sa bi sai da addu'a! Matarsa ta ce a sa wa ɗakin kwaɗo. Jafaru ya ce Allah ya kiyaye ya kulle uwarsa.

Sai ya fasa daɓen bakin ƙofarta, ya shimfiɗa langa-langa biyu da soso a tsakani, ya ja waya har shago, ya haɗa da hon ɗin babur, ya rufe wurin da leda. In ta taka, ƙarfe ya taɓa ƙarfe, hon ya tsala ihu, shi kuma ya tare ta a zaure: "Inna, sai ina?" Ya lallashe ta su koma. Ɗan akuyar gidan ya mai da abin wurin wasa, yana tashinsa a banza, don haka ya ƙara kaurin soson. Aka samu lafiya.

Ana nan hatsi ya yi tsadar da ba a taɓa gani ba, tuwo ya koma sau ɗaya a rana. Ko shi ɗin, Inna loma kaɗan take yi ta ce ta ƙoshi.

Ran nan da hantsi Lawal ɗan acaɓa ya sauke ta a ƙofar shago. Can bayan gari ya tsinto ta, ta wuce gonakin ƙarshe. Jafaru kuwa ko kaɗan bai ji kukan hon ba. Ya bi waya, lafiya lau. Ya taka ledar, hon ya yi kuka. Matarsa ta taka, haka. Sai ya kamo hannun tsohuwar.

"Inna, ɗan taka nan."

Ta hau da ƙafa biyu, ta tsaya tana kallonsa. Hon shiru, nauyinta bai kai ya danne soson ba.

Wallahi da wayar ce ta tsinke, da ya fi masa sauƙi. Ya durƙusa gabanta yana ciro soson, hawaye na zubo masa.

Ta ce, "Kai kuma lafiya? Ko yunwa kake ji?"