Yadda 'Yardada ta Cika Zauruka da Tsofaffi

Duk wanda ya tashi a Goron Dutse zamanin yaƙin basasa ya san 'Yardada mai man gyaɗa. Gajeriya ce mai kaifin baki, ta daɗe da wuce shekarun kulle, kullum tana yawo gida-gida da kwalabe a kwando. Shi ya sa babu tukunyar da ba ta san abin da ke cikinta ba.

Yaƙi ya kwashe samarin unguwa, ya bar mata da tsofaffi. Wanda ya fi tsaya mata a rai shi ne Malam Kolo, baduku ɗan asalin Barno da ya ci zamaninsa a Kasuwar Kurmi kafin ido ya gaza. Matarsa ta rasu, ɗansa tilo ya shiga soja, tun daga nan shiru. Yunwa tana cin tsohon nan a tsaye, amma shi bai yarda ya kai matsayin karɓar sadaka ba. In ta kai masa tuwo, sai ya yi godiya har da addu'a, ya ce ta kai wa mabukata. Abin yana ƙona mata rai ƙwarai.

Wata rana ta kai man gyaɗa gidan Hasana, matar Garba da ke bakin daga. Ta tarar awaki sun mayar da zauren nasu. Hasana ta ce tun tafiyar maigida, in an yi sallama sai dai ta yi ta ɗaga murya daga tsakar gida, babu mai amsawa a waje.

'Yardada ba ta ko sauke kwando ba ta zarce gidan Malam Kolo.

"Malam, ashe haka ake maƙwabtaka? Kana nan zaune, gidan Garba ba namiji. Jiya wani ya yi ta sallama, da ya gaji sai ya leƙa."

"Ya leƙa? Gidan matan aure?"

To, babu wanda ya leƙa, Allah ya yafe mata. Amma washegari Malam Kolo ya saɓa buzunsa, ya kori awaki, ya zauna. Shi ke amsa sallama, shi ke tsawata wa mai itace. Kowa kuwa ya san wanda ya tsare zaure shi ake fito wa da akushin maigida, kuma ba a taɓa kiran wannan sadaka ba. Ya ci, ya suɗe. Bayan ɗan lokaci har ya fara aika wa Hasana cewa gishiri ya yi yawa.

Da ta ga dabara ta ci, sai ta bi unguwa tana haɗa kowane tsoho mara mai kula da zauren da ba kowa. Mata daga Ƙofar Nassarawa suka zo tambayar yadda ake yi. Mai unguwa ya tara dattawa, ya yaba mata, ya ba ta turmin atamfa. Ta karɓa tana ƙorafin kalar ta yi mata tsufa, amma ranar ta kasa rufe baki don murna.

Da yaƙi ya ƙare, aka ce Garba na hanya. Ɗan Malam Kolo dai ba ya cikin masu dawowa. 'Yardada kuwa ta san tsohon: zai koma ɗakinsa ya ci gaba da mayar da kwano. Ranar isowar ta rakuɓe a ƙofar gidan Garba, wai tana gyara kwalabe.

Garba ya iso da jakarsa, ya tsaya a ƙofar gidansa ya yi sallama, bai shiga ba sai da aka amsa. Ya tarar tsoho ya riga ya naɗe buzu.

"Baba, ina zuwa?"

"Maigida ya dawo, ai aikina ya ƙare."

Daidai nan aka turo akushi daga ciki. Garba ya durƙusa ya warware buzun, ya buɗe akushin, ya matsar da shi gaban Malam Kolo.

"Bismillah, Baba. Yunwa nake ji, kuma ni ba na riga babba sa hannu."

Malam Kolo ya daɗe a tsaye. Sannan ya zauna, ya ce a miƙo masa ruwan wanke hannu.