Allunan Yumɓun Kawu Lawali

Shekara shida ke nan da rasuwar Kawu Lawali, ƙanen Innata. Kowace shekara addu'a nake masa in yi shiru. Bana na ɗauki biro.

Gidanmu a Anka gidan malamai ne. Kawu ya sauke Alƙur'ani, ya tafi jami'a karatun Larabci, ya dawo da abin da ba wanda ya aike shi: son tsofaffin harsuna 'yan uwan Larabci, waɗanda masu su suka ƙare tuntuni. Ina aji uku na sakandare lokacin, ni kaɗai ke zama ina saurarensa.

Ya ce fiye da shekara dubu uku da suka wuce, ƙananan sarakunan Kan'ana kan aika wa Fir'auna wasiƙu a kan yumɓu. Magatakardansu sun koyi Akkadiyanci, harshen manya na zamanin, amma bai zauna musu ba. Sai suka riƙa ɗauko kalmomin Akkad suna ɗinke su da zaren harshensu na gida.

"Rabi," in ji shi, "da alama wanga harshe ba uwar da ta taɓa yi ma ɗanta rarrashi da shi. A yumɓu aka haife shi, a yumɓu ya mutu."

Akwai wani sarki da yake yawan ba ni labarinsa. Mahara sun kewaye garinsa, hatsi ya ƙare, ya yi ta rubutawa yana roƙon a turo dakaru, har garin ya fita daga hannunsa. Da Kawu na raye ya ga yadda 'yan bindiga suka tare mana hanyar Gwashi yau, ban san me zai ce ba. Ina jin ci gaba kawai zai yi da murza laka.

Don shi ma yakan yi irin waɗannan allunan yumɓu. Yana da tafkin da yake ɗebo yumɓu, can wajen da masu zinare ke wanke dakakken dutse, wai ya fi laushi. Ya mulmula shi kamar ƙosai, ya baje, ya danna masa tsinken kara, layi-layi kamar sawun kaji. In tsinken ya bushe sai ya lasa, yadda ya saba da alƙalamin tawada. Ya shanya a rana. Ciwon ƙoda ne ya ɗauke shi, muka ce kwana ya ƙare. Yanzu in na tuna lasar tsinken nan, tsikar jikina tashi take.

A gidanmu ba a zubar da rubutun malami. Ko a adana, ko a ƙone, ko a wanke a sha. Inna ta zuba allunan a kwalla ta rufe.

Da daminar bana ɗiyata Asiya, mai shekara uku, ta kama zazzaɓi. Ina zuwa aikina a shagon ɗinki, in bar ta wurin Inna. Zazzaɓin ya tafi, amma yarinya ba ta dawo daidai ba. Ta daina cin abinci, ta daina kirana Inna kamar yadda ta saba. Wata rana da hantsi na dawo ɗaukar almakashi, na tarar da ita zaune a inuwar darbejiya, idonta a kafe kan kwallar, tana fitar da wasu sautuka daga maƙogwaro, a jere, kamar mai bitar karatu. Inna na gefe tana dama wani abu ja a kofi.

"Inna, mi kike ba ta?"

"Rubutun kawunki na. Sati huɗu ke nan ina ɓantara mata. Ba ki ji ba? Har ta fara maganatai."

Washegari jijjiga ta kama ta. A asibiti aka gwada jininta, aka ce gubar dalma ce. Wata ma'aikaciya ta tambaye ni ko ana daka dutsen zinare a gidanmu, don a cikinsa dalmar take. Na ce a'a, mu karatu muke, sai kuma na tuna tafkin da Kawu ke ɗebo yumɓunsa. Na yi sakandare, na san dalma ce ta taɓa mata ƙwaƙwalwa. Na sani. Amma na ji sautukan nan da kunnena, kuma irinsu Kawu ke yi in yana karanta mini wasiƙar sarkin nan.

Ban zargi Inna ba. Abin da aka yi mata tana ƙarama ta yi wa jikarta. Ita da kanta ta haɗa wuta a bayan gari ta zuba sauran allunan, tana kuka. Da toka ta huce muka tona. Ba ko ɗaya da ya ƙone. Sun gasu, sun yi ja, sun yi tauri kamar tukunya, rubutun ya ƙara fitowa. A bayan ɗaya har da shatar babban yatsan Kawu.

Muka binne su a rami mai zurfi, nesa da rijiya. Ban iya karanta su ba, ba wanda ya iya a garin nan. Za su daɗe a ƙasa fiye da mu duka.

Allah Ya jiƙan Kawu. Ya bar mini son sani, da labarin mutanen da suka yi kira ba a amsa ba. Asiya na shan magani. Jiya da rana na miƙa mata ruwa, ta dube ni, ta buɗe baki. Na tsaya ina jiran in ji da wane harshe.

Ta ce, "Inna."