Bayan Rusau Na Bi Ta Har Karshi

Ranar da katafila ta shiga unguwarmu ina asibiti, na je karɓo wa mata magani. Aikina ke nan a lokacin. Mu da muka taɓa zaman kanmu a Abuja muka haɗa 'yar ƙungiya, muna bin ɗakunan 'yan'uwanmu da kwaroron roba, mu raka mai tsoron gwaji, wadda wani ya daka kuma mu kai ta a duba ta. Ba ma yi wa kowa wa'azi.

Da na dawo da azahar babu layin ɗakunan. Kwanon rufi a lanƙwashe, katifu a rana, kowa ta kama gabanta. A jakata akwai maganin wata mata 'yar Lokoja da ke kirana Anti. Tana ɗauke da cutar ƙanjamau, kuma duk unguwar ni kaɗai ta yarda in sani. Maganin nan ba a tsallake shi, na kuma san na hannunta ya kusa ƙarewa.

Na kira wayarta, a kashe. Bakatsinen da ke da shago a bakin titi ya ce, "Hajiya, na ga ta hau keke napep da buhu, amma wallahi ban san inda ta nufa ba."

Daga nan zama ya gagare ni. In na zuba abinci sai in tashi in bar shi. Wata ta ce ta gan ta a Bwari, na je na zaga har ƙafata ta kumbura, ashe wata ce mai kama da ita. Shugabar ƙungiyarmu ta ce, "Ki huta mana, ita za ta neme ki."

Na ce, "Yaya, ba ki san ta ba. Gara ta kwanta ciwo da ta shiga baƙon asibiti ta buɗe bakinta."

Mai kitson da muke zuwa wurinta ce ta ba ni labarin an gan ta a garin Karshi. Na je ranar kasuwa, na bi rumfa rumfa. Bayan masu doya na hango ta a tsugune tana wanke wa wata mai abinci kwanuka. Ta rame, wuyanta ya yi tsawo.

Ta ɗago, da Hausarta ta 'yan koyo ta ce, "Anti, kai ne? Wayata ya ɓata cikin rusau."

Na ja ta gefe inda mai abincin ba za ta ji ba, na tambaye ta magani. Ta kwance bakin zani ta nuna mini. Ashe rabawa take biyu don kada ya ƙare. Raina ya ɓaci, amma sai na haɗiye faɗan, na damƙa mata kwalbar.

Washegari na raka ta asibiti, ma'aikaciyar jinya ta duba ta, ta ja mata kunne a hankali. Na roƙe ta ta dawo cikin gari kusa da mu, ta ƙi, ta ce ta gaji da gudu.

Karshin ma ba ta daɗe ba. Da damina ta koma Abaji wurin wata ƙawarta. Amma kafin ta hau mota ta ari wayar direba ta kira ni, ta kwatanta mini gidan, ta ce in na zo in taho mata da man shafawa.