Jarkoki Uku na Noelene Pascoe

Shekara ashirin da shida Noelene Pascoe ta yi tana aiki a kicin ɗin makarantar firamaren garinmu, kuma kowa ya san ba ta iya ganin kwalba biyu rabi-rabi ta ƙyale su. Da an tashi, sai ta kifa kwalbar miyar tumatir a bakin 'yar'uwarta har ta tsiyaye tas, ta wanke wadda ta ƙare. Haka aka koya mata ranar da ta fara aiki, haka ta koya wa duk wadda ta zo bayanta.

Mijinta Des kuwa bai taɓa zubar da komai ba. Feshin magani yake yi wa masu gonakin tuffa, duk abin da ya rage a gindin gwangwani sai ya kawo gida ya cusa a ɗakin kwanon da ke bayan gida. A watan Yuni ya rasu. Noelene ba ta yi kuka ba, ba ta kuma buɗe ɗakin ba, sai da 'yarta Kerryn ta bugo waya ta ce aurenta ya mutu, za ta dawo gida da tagwayenta kafin Kirsimeti. 'Yan shekara huɗu ne, irin yaran da babu murfin da ba sa buɗewa su kai baki.

Da ta buɗe, ta tarar da gwangwanaye sun fi arba'in: maganin ciyawa, maganin ƙwari, baƙin mai, ruwan tsarma fenti, wasu ma tsatsa ta cinye rubutunsu. Dole ɗakin ya zama wayam kafin yaran su iso.

Ƙaramar hukumarmu sau ɗaya take karɓar irin wannan kaya a shekara. Asabar ɗaya a Oktoba, tara zuwa ɗaya na rana, a wani fili mai nisan kilomita tamanin. Takardar da suka jefa wa kowa a akwatin wasiƙa rabinta hoton wasu iyali ne suna washe baki. Gargaɗin cewa kada a haɗa wani magani da wani yana can baya, da rubutu kamar ƙafar tururuwa. Wanda ya tsara wannan takarda bai taɓa leƙa ɗakin ajiyar tsoho ba, ni dai na faɗa.

Motar Noelene ƙarama ce, gwangwani arba'in ba za su shiga ba. Sai ta yi abin da ta iya. Ta samo jarka uku da mazurari, ta sa safar wanke-wanke, ta wuni a tsakar gida tana tsiyaye wannan cikin wancan. Jarka ɗaya ta yi ɗumi a hannunta, kanta ya yi ciwo har kwana biyu. Gwangwanayen da suka zama fanko motar shara ta kwashe su. Ɗakin ya yi fes.

Ran Asabar ɗin, mai karɓar kaya a bakin fili Craig Dunstall ne, ɗan shekara talatin da wani abu, wanda ta ciyar tun yana aji ɗaya.

"Misis Pascoe, ke ce da kanki? Me kika kawo mana?"

"Guba na kawo maka, Craig. Ka yi tumbi. Har yanzu farantin abinci biyu kake ci?"

"Uku yanzu, tunda babu ke a kaina." Ya ɗaga but ɗin motar, sai dariyar ta tsaya. "Mene ne a cikin waɗannan?"

"Kayan Des."

"Wanne daga ciki?"

"Duka. Na haɗa muku su don kada ku sha wahala."

Craig ya ja da baya taku biyu, ya kira matar kamfanin da ke kwashe kayan. Ta zo sanye da takunkumi, ta dubi jarkar da ta kumbura, ta girgiza kai. Abin da ba a san sunansa ba, ba ya hawa motarsu. Da a gwangwanayensa yake, ko da tsatsa, da sun karɓa.

"Ina gwangwanayen, Misis Pascoe?"

"An kwashe tun Talata."

Ya rubuta mata lambar wani kamfani a birni. Ya ce ta tuƙa a hankali, ta sauke gilasai, kada ta bar jarkokin a rana. Bai iya haɗa ido da ita ba. Motoci sun yi layi a bayanta, wani ya danna oda.

Ran Litinin ta buga lambar. Suka ce ba sa zuwa nisan nan saboda jarka uku, sai sun tara aiki a yankin, wataƙila Maris. Ta buga wa ƙaramar hukuma, aka miƙa ta ofis uku, na ƙarshe ya sake ba ta lambar kamfanin nan. Ta ce ta gode.

Ta mayar da jarkokin ɗakin kwano ta sa kwaɗo. Amma zafi ya fara shigowa, warin yana fita ta ƙasan ƙofa har wajen igiyar shanya. Ta kira Kerryn.

"Kada ku zo tukuna."

"Mama, ƙarshen Nuwamba zan bar gidan nan. Ina kike so in kai su?"

"Wajen uwar mijinki."

"Tsohon mijina, Mama. A Perth fa take, can ƙarshen ƙasa."

"Na sani."

"Saboda jarka uku?"

"Saboda jarka uku."

Kerryn ta ce za ta duba jirgi, ta kashe wayar. Noelene ta shiga ɗakin da ta gyara wa tagwayen, ta cire zannuwan gadon, ta ninke su ta mayar cikin kabad.